Kawu Epa da Wankan Kan Inji

Kafin gangar coci ta gama kiran addu'ar safe, Kawu Epa ya riga ya shanye shayinsa na ganyen lemo, ya ɗaure zanensa, ya tsaya a ƙofar gida yana kallon teku. Ba kyanta yake kallo ba. So yake ya ga ko ruwa ya fara janyewa, don shi aikinsa da janyewar ruwa yake tafiya. Da ya hango kan duwatsun murjani sun fara leƙowa, sai ya saɓa buhun sifanoninsa ya bi ta bayan gari, matarsa Mereoni na bin sa da faɗa a kan dafaffen rogon da ya bari a kwano.

Inda yake fara zuwa kullum shi ne rafin da ke gangarowa ta bayan makarantar garinmu, Nukuvatu. Baƙo in ya leƙa rafin nan, sai ya ɗauka idonsa ne ke masa gizo. Ƙarafa ne kwance cikin ruwa, kowanne ɗaure da igiya a jikin saiwar itace, yadda mata ke jiƙa rogo. Ga fistan, ga famfon mai, ga wani ƙaton faifai mai haƙora wanda ba mai sanin sunansa sai shi. Zai tsuguna ya jawo ɗaya, ya lakato ruwan jikinsa da yatsa, ya kai baki. In ya ji gishiri-gishiri, ya mayar da shi ya ce bai nuna ba.

Ka tambaye shi dalili, ka jawo wa kanka zama. Duk ƙarfen da ya daɗe a teku, in ji shi, ya sha gishiri har cikin ɓargo. Muddin yana cikin ruwa, barci kawai yake yi. Ranar da ka fito da shi ya sha iska da rana, ranar ya fara mutuwa: tsatsa ta taso masa, fuskarsa ta yi ramuka, wani ma ya tsage gida biyu. Sai ruwan daɗi ya tsotse gishirin nan tukuna, sannan a yi maganar gyara.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, Eparama, wanda yaro da babba ke kira Kawu Epa, ya miƙa wa dattawan gari makullin ɗakin injin Senibua, jirgin garinmu. Ya ce idonsa ya daina ganin zaren noti. Bai yi jawabi ba. Aka tafa masa, aka watse cin abinci, shi ke nan wai an sallami mutum. Haba! Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Tekunmu ba ta rasa gawarwakin jirage. Akwai na masu kamun kifi da suka hau dutse da hazo, akwai tsofaffin jiragen kwasar busasshiyar kwakwa da masu su suka gaji suka tura cikin kurmin bakin ruwa suka yi tafiyarsu. Mu dai wurin kama ƙaguwa muka ɗauke su. Shi kuwa tun yana saurayi tambaya ɗaya ke cin sa: me ke ƙasa, kuma yaya aka yi ya yi shiru? Zai zura jiki ta ramin da ko kare zai yi shawara kafin ya shiga, ya sauka cikin baƙin ruwa har ƙirji, yana laluben inji da tafin hannu.

Sakiusa, matuƙin Senibua, ya sha raka shi, kuma har yau bai gama mita ba. Ya ce wata rana sun shiga wani jirgin kifi don su ciro famfo, sai ya ji Kawu ya yi tsit a ƙasa.

"Kawu, kana da rai kuwa?"

"Zo ka ga hannun giya. A baya yake."

"To sai me? Ciro famfon mu tafi, ruwa na dawowa."

"Mai injin nan ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Ya ji sun taɓa dutse, ya mayar da shi baya da duk ƙarfinsa. Ga sifanarsa ma a rataye da zare. Kuma bahago ne, duba gefen da notocin suka cinye."

"Ikon Allah," in ji Sakiusa. "Mu mun zo ɗaukar famfo, kai ka zo gaisuwar mutuwa."

Suka fito da famfon ruwa na dukan haɓarsu. Har suka iso gida Kawu Epa na ta lissafin ko mutumin nan ya tsira, ko ɗan wace ƙasa ne, ko wa ya koya masa ɗaure sifana da zare.

Kawu Epa, kai ne ka ciro ƙaramin inji daga wani kwalekwalen fasto da ya nutse tun zamanin kakanninmu, ka jiƙa shi, ka dafa shi, ka lallashe shi, yau ga shi yana juya wa mata injin matse man kwakwa. Kai ne ka sa janaretan makaranta ya rayu da hanjin jirage uku da ba su taɓa haɗuwa a teku ba. Mai ta da barcin ƙarfe, ɗan Nukuvatu! Da yawa daga cikinmu an haife mu a asibiti ne don Senibua ya tashi ranar da iyayenmu mata ke buƙatarsa, kuma ba mu taɓa tambayar wa ke ƙasa cikin zafi da hayaƙi ba.

Sai dai mutumin nan yana da wani hali da ya sha ba mutane mamaki. Kowa ya san kerekere: ka je wurin ɗan'uwa ka sunkuyar da kai ka faɗi kalmar, ka ambaci abin da kake so, shi kuma ba shi da bakin hanawa. Da haka muke rayuwa, yau kai gobe shi. An yi wa Kawu Epa kerekere na noti, na igiya, na gyaran fitila, na ranakun aikinsa cur. Amma shi ba a taɓa jin kalmar ta fito daga bakinsa ba, ko sau ɗaya.

"Ko gishiri ne ya ƙare a gidan nan," in ji Mereoni, "sai dai mu ci lami. Wai shi kunya. Kunyar me? Girman kai ne ya sa rigar kunya!"

In ta faɗi haka sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge abin da ke hannunsa.

Bara, ana dab da shiga watannin guguwa, saƙo ya zo daga Suva, babban birnin ƙasarmu. Salanieta, yayarsa wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana kwance a asibiti, likitoci sun ce sun yi iyakar yinsu, a kai ta gida. Ita kuma abu ɗaya ta roƙa. Ta ce tana so ta ga Nukuvatu da idonta, ba ta so a kawo ta cikin akwati. Babban jirgi ba zai biyo ta wajenmu ba sai wata ya kama, ba kuwa wanda ya isa ya ce za ta kai. Ƙananan jiragen roba masu gudu kuma, in aka kwantar da mara lafiya a ciki aka tsallaka buɗaɗɗiyar teku, dukan igiyar ruwa kaɗai ya ishe ta. Saura Senibua.

Senibua kuwa yana ɗaure a gaɓa, ba ya motsi. A satin ne kan injinsa, wato murfin ƙarfen da ke rufe samansa, ya tsage, ruwa ya shiga baƙin mai, man ya koma fari kamar kunu. Irin injin nan an daina ƙera shi tun kafin a haifi Sakiusa. Ba shagon da za ka je a Suva a ce maka ga shi.

Kawu Epa ya san inda ɗan'uwan injin yake. Akwai wani tsohon jirgin kwakwa mai suna Belo da ke kwance cikin laka a kurmin Tavusolo, garin da ke ɗaya gefen tsibiri. Ya taɓa shiga sau ɗaya, ya tarar da injin nutse cikin ruwa da baƙin mai, ya shafa shi ya fito. Bai ɗauki ko ƙusa ba, don lakar ta mutanen Tavusolo ce, ɗauka kuwa sai an roƙa. Yanzu ma dabara ya shirya. Zai je da saiwar yangona, wadda ake dakawa a dama a sha a taron manya, ya gai da mai gari, ya ce ya zo duba musu janareta, in hira ta yi hira a gangaro kan Belo. Sai ya aika cewa yana tafe.

Abin da bai sani ba, labarin Salanieta ya riga ɗan aikensa isa. Mutanen Tavusolo taubasanmu ne, tsakaninmu da su sai zagi da tsokana, amma cikinsu ɗaya ne. Suka ce mutumin da ya gyara musu abubuwa ba adadi, yau ga ranarsa. Da sassafe samarinsu suka shiga Belo, suka kwance kan injin, suka jawo shi da igiya. Suka dirje shi da yashi da ɓawon kwakwa har ya yi fes. Sannan suka yi masa abin da ake yi wa duk wani abin daraja da ya jiƙe: suka shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakiyar filin gari, inda rana ta fi bugawa, suka ɗora shi ya bushe. Mata suka rataya masa sarƙar furanni.

Da Kawu Epa da Sakiusa suka shigo gari, rana ta take tsaka. Ya hango abin tun daga nesa. Farin gishiri ya riga ya feso a jikinsa, gefe-gefe kuma jan tsatsa ya fara tasowa. Yara na tsaye kewaye da shi suna washe baki, suna jiran su ga murnarsa.

"Ga ɗan Nukuvatu nan, uban 'yan bola!" Tsoho Waisake ne, shugaban masu tsokanar garin. "Ka ga yadda ake aiki? Mun hutar da kai shiga laka, ko da yake ku can laka ce man shafawarku."

Kawu ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Baƙo ba ya taɓa kyauta kafin a miƙa masa ita, ba a kuwa miƙawa sai an sha yangona, an yi jawabai, an ci abinci. Wato sai yamma lis. Aka shigar da su babban ɗaki, aka zaunar da su a ƙasa, ta inda ƙofa ke kallon filin sosai.

Ya miƙa saiwarsa, aka karɓa da tafi. Aka dama yangona a akushi. Kakakin mai gari ya buɗe baki, ya fara daga kakannin da suka haɗa garuruwan biyu, bai ma iso zamanin zuwan coci ba. Kawu Epa na zaune kansa a ƙasa, amma idonsa na waje. Jan nan yana yaɗuwa. A ransa yana ganin fuskar da za ta zauna a kan gasket, faifan da ke toshe tsakanin kai da jikin inji, yana ganin tana cin ramuka, in kuwa ta ci, ba abin da zai riƙe iska a cikin injin. Yana ganin yayarsa kwance tana kallon silin ɗin asibiti.

Sakiusa ya matso ya raɗa masa, "Kawu, gumi kake yi. Abin ya ɓaci ne?"

"Yana ɓaci."

"To faɗa musu mana!"

Ya faɗa musu me? Ya ce samarin da suka yanke hannuwa tun asuba sun yi ɓarna? A gaban mai garinsu, a gaban iyayensu? Maganar da za ta bi garin har jikoki ke nan, mu kuwa mutanen Nukuvatu ba za mu bari su manta ba, na san halinmu. Tashi tsaye ma ba dama, ba a miƙewa a kan manya ana tsakiyar sha.

Kakaki ya tsaya jan numfashi. Sai aka ji tafi a hankali, irin na neman izini. Kawu Epa ne, ya sunkuya har goshinsa na neman tabarma.

"Ranka ya daɗe. Kerekere."

Mai zuba yangona ya tsaya da ƙoƙo a hannu. Waisake ne ya fara samun bakinsa.

"Jama'a, ku taɓa ni, ko barci nake? Eparama ya ce kerekere! Wani ya leƙa ya ga ko teku na nan."

Aka ɗan yi dariya, mai gari ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Faɗi, ɗan'uwa."

"Ranka ya daɗe, ba don kaina ba ne kaɗai." Bai ɗago kansa ba. "Wancan baƙon da ke waje ya shekara da shekaru a cikin ruwan gishiri. A garinku da namu, wanda ya fito daga teku yakan ɗauraye jiki a rafi kafin ya zauna cikin mutane. An yi masa tabarma, an yi masa furanni, ban taɓa ganin an karrama ƙarfe haka ba. Wanka kawai ya rage masa. Ina roƙo a bar shi ya yi yanzu."

Mai gari dattijo ne da ya yi aikin jirgi a ƙuruciyarsa. Ya juya ya dubi filin, ya daɗe yana dubawa. Ya ga jan. Ya dawo da idonsa kan mutumin da ke sunkuye a gabansa, ya gane abin da aka faɗa, ya kuma gane abin da aka ƙi faɗa.

"Ashe mun bar baƙo da ƙaiƙayi," ya ce. "Samari, ku ɗauke shi da tabarmarsa. A ɗauko akushin ma. Ba za mu zauna sha a nan baƙo yana can shi kaɗai ba."

Haka aka yi, kuma duk wanda ya je Tavusolo za a ba shi labarin. Gari guda ya bi kan inji zuwa rafi. Aka nutsa shi cikin ruwa, furannin suka taso suka bi gangara. Kakaki ya ƙarasa jawabinsa ƙafafunsa a cikin ruwa, bai rage ko kaka ɗaya ba. Kawu Epa ya sha ƙoƙonsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun na ƙarƙashin ruwa yana shafa fuskar ƙarfen. Ramukan ba su yi zurfi ba. Waisake ya ce tunda yake bai taɓa ganin ɗan Nukuvatu ya matsu da wanka haka ba.

Aka kawo kan injin gida cikin rabin ganga cike da ruwan rafi. Ba lokacin jiƙo na watanni, don haka ya yi ta dafa shi, yana zubar da ruwan yana sake sabo, har harshensa ya daina jin gishiri. Ya tsoma shi cikin man dizal. Ya goge fuskar a kan gilashin tagar wani mataccen jirgi har ta kwanta daidai. Samarin Tavusolo sun karya ƙusa ɗaya wurin kwancewa, ya haƙo guntun ya sa wata, kuma har yau ba su ji wannan daga bakinsa ba.

Injin Senibua da damtse ake ta da shi. Da ya gama ɗaura masa kan, maza suka kama igiyar hannun murɗawa suka ja, ya yi tari ya yi shiru. Suka sake, ya tofar da baƙin hayaƙi. A ja na gaba ya kama, dum, dum, dum, a hankali, irin bugun da ake ji a ƙirji kafin kunne ya ji. Mereoni na tsaye a gaɓa da kwanon rogo. Ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Suka je Suva suka ɗauko ta. Ta rame ƙwarai, sanyi kuma na damunta, sai ta ce a shimfiɗa mata kusa da ƙofar ɗakin inji inda ɗumi ke fitowa. Tsakanin mace da ɗan'uwanta namiji akwai kunya mai nauyi a wurinmu. Ba sa kiran sunan juna, ba sa zama tabarma ɗaya, magana sai ta bakin wani. Tun da Eparama ya zama saurayi bai yi hira da yayarsa ba. 'Yarta ce ke kai saƙo tsakaninsu, ita kuwa teku ta juya mata ciki, tana can baya kwance. Sakiusa ne ya ji abin da ya biyo baya ta tagar ɗakin tuƙi, da la'asar, ruwa ya kwanta.

Salanieta ta juya kanta wajen injin.

"Kai baƙin ƙarfe," ta ce, "an ce daga laka aka tono ka. Sannu da aiki. Ka gaya wa mai kula da kai na ji abin da ya yi a Tavusolo. Yaron da na goya, wanda ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ce a ƙara masa. Ka ce masa na san irin nauyin da roƙon ya yi masa. Ka ce masa na gode."

Kawu Epa na tsugune a ƙasa da gwangwanin mai, ya ba ta baya. Ya daɗe yana ɗiga mai a wurin da ba ya buƙatar mai. Sannan ya yi gyaran murya, ya dubi injin.

"Ka gaya mata ta ɗaga kai kaɗan. Ga tsaunin Nukuvatu can ya fito."

Ta ɗaga, ta gani. Sakiusa ya ce shi dai daga nan bai ƙara ganin hanya sosai ba, Allah ne ya shigar da su mashigi.

Salanieta ta yi makonni a ɗakinta. Ta ci kifin tekunmu da madarar kwakwa, ta yi wa jikokinta faɗa, ta ji gangar coci daga shimfiɗarta. A nan ta cika, cikin mutanenta.

Kawu Epa, mun gode. Kai ne ka shiga inda muke ƙyama, ka ɗanɗani tsatsa don mu isa inda za mu. Kai ne ka rufa wa gari guda asiri a ranar da kai kanka kake cikin tashin hankali. Allah ya saka maka, ya bar maka sauran ganinka.

Ku kuma samari masu jiran a kawo sabon inji daga waje, rafin nan yana nan, mutumin yana nan, bakinsa bai gaji ba ko da idonsa ya gaji. Ku je ku tsuguna kusa da shi ku yi tambaya, ku koyi duba abu kafin ku ce ya mutu. Sauranmu kuma, rufin ɗakin girkinsa na yoyo tun damina biyu, Mereoni ta jera kwanoni tana tara. Kada wanda ya zauna jiran ya zo ya ce kerekere. Ya yi sau ɗaya, don yayarsa, ba kuwa zai sake ba. Ran Asabar kowa ya fito da gudumarsa.